LAFIYA UWAR JIKI: In Jariri Ya Amayar Da Maganin Zazzaɓi

A wannan wata za mu taɓo abin da kusan kowace uwa ta sha fama da shi, musamman da damina, lokacin da zazzaɓi ke bin gida-gida. Jikin jariri ya yi zafi da tsakar dare, an ɗauko kwalbar farasitamol an ba shi, kafin a rufe kwalbar ya dawo da shi a kan zanen uwarsa. To, a sake ba shi ne ko a ƙyale shi?

Da farko dai, sau da yawa laifin hannunmu ne. Mun saba da ɗura, wato a kwantar da yaro a cinya, a matse masa hanci, a tuttula masa cokali guda yana tsala kuka. Wannan kaɗai ya isa ya tayar masa da zuciya, kuma maganin na iya sarƙe shi ya bi hanyar numfashi. Abin da ya fi shi ne a tallafe shi a zaune, a zuƙo maganin da sirinji marar allura, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu har ya haɗiye.

In ya yi aman kafin minti 30 da shan magani, ana iya sake ba shi awon farko, sau ɗaya tak. In minti 30 sun wuce, maganin ya riga ya shiga jiki, sai a jira lokaci na gaba. Awon kuwa da nauyin yaro ake yi, miligiram 15 ga kowane kilo. A kwalbar da aka rubuta miligiram 120 cikin mililita 5, yaro mai kilo 8 mililita 5 zai sha. Amma a karanta jikin kwalba, don wani ya fi wani ƙarfi, cokalin shayi kuma ba ma'auni ba ne. Kada tsakani ya gaza awa 4, kada a wuce sau 4 cikin awa 24, domin farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Asfirin kam ba a ba yara.

Mu kuma sani, farasitamol zafin jiki yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro. In yaro yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko maɗigarsa ta faɗa, to asibiti za a nufa a daren, a gwada jininsa. Haka nan jaririn da bai kai wata 3 ba, da zarar zafinsa ya kai 38, na likita ne.

Akwai kuma lokacin da maganin kansa ne guba. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda. A 2008 maganin haƙori My Pikin ya ci ran yara 84. A 2022 Gambiya ta yi asarar yara wajen 70, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan Naturcold a nan Kamaru. Alamar ita ce amai da ciwon ciki, daga baya fitsari ya ɗauke. Duk uwar da ta ga zanen goyo a bushe wuni guda, ta ɗauki yaro da kwalbar ta garzaya asibiti. Mu daina sayen maganin yara a faranti ko a teburin kasuwa, inda rana ke dukansa, mu je farmasi.

Ku kuma iyaye maza, ku ajiye kuɗin mota na dare, kada a ce sai gari ya waye.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.