Maganin Homon Kafin Tiyatar Ciro Ƙwayar Haihuwa: Don Amfanin Wa?

Kusan namiji ɗaya cikin ɗari ba a samun ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa. Wani hanya ce ta toshe masa, wani kuma marenan ne suka gaza. Rukuni na biyun ake yi wa tiyatar micro-TESE, wadda Peter Schlegel ya bayyana a 1999: a buɗe marena ƙarƙashin madubin likita, a tsinto 'yan ƙwayoyin da suka rage, a haɗa su da ƙwan matar a ɗakin gwaji. A kusan rabin waɗanda ake yi wa ita ake dacewa.

Ya zama ruwan dare a asibitocin haihuwa a ɗora mutum kan maganin homon irin su clomiphene, ko letrozole, ko allurar hCG na tsawon watanni kafin tiyatar, wai ko bai amfana ba, ba zai cutu ba. Wannan magana ba ta da tushe.

Yawancin waɗannan mazan sinadarin FSH ya riga ya yi yawa a jininsu. Ƙwaƙwalwa tana ta aika saƙo, marenan ne ba sa amsawa. Mene ne amfanin ƙara ɗaga murya ga kurma? A 2012 likitocin Cornell a Amurka sun duba maza sama da dubu da aka yi wa tiyatar, ba su ga maganin ya ƙara yawan dacewa ba. Nazarin da ya tattara bincike-bincike a 2022 ya hango ɗan amfani ga masu daidaitaccen FSH kawai, shi ma hujjarsa mai rauni ce.

Cutarwar kuwa a fili take. Ƙwayar haihuwa na ɗaukar kwana 74 kafin ta nuna, don haka duk gwaji sai ya ci wata uku ko fiye. Kuɗi na tafiya, shekarun matar na tafiya, ingancin ƙwanta na raguwa, ga gorin dangi da ita ke sha a kan lalurar da ba tata ba.

Wanda homon ke yi wa magani na haƙiƙa shi ne wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta sakin sinadaran homon FSH da LH. Shi kam sau da yawa ƙwayoyin na fitowa ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba. Shan testosteron kuwa dakatar da su yake yi. Gwajin jini da na ƙwayar halitta ne ke rarrabe waɗannan rukunai, domin wanda ya rasa sashen AZFa ko AZFb na ƙwayar halittarsa gaba ɗaya, magani da tiyatar duk ba za su samar masa da ƙwaya ba.