Salo da Labari a Fim ɗin The Love Witch

A nazarin adabi mun saba koya wa ɗalibi cewa jigo shi ne manufa, salo kuwa hanyar isar da ita. Wannan rabo yana da sauƙi a kan allo. Amma fim ɗin The Love Witch, wanda Anna Biller ta fitar a Amurka a 2016, yana tilasta wa malami ya sake duba shi.

Labarin bai da yawa. Elaine, wadda Samantha Robinson ta fito a matsayinta, matsafiya ce da ta koma wani gari a arewacin Kalifoniya bayan mutuwar mijinta. Kalmar mayya ba ta dace da ita ba, domin maita a wajen Bahaushe kamun kurwa ce, ita kuwa asirin mallaka take yi. Duk namijin da asirin ya kama sai ya koma mai kuka da naci, ita kuma ta raina shi. Wayne, malamin jami'a, ya mutu. Richard, mijin ƙawarta Trish, ya kashe kansa. Griff ɗan sanda kuwa ita ta soke shi da wuƙa.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙawa. An ɗauki fim ɗin a kan faifai mai faɗin milimita 35, kuma mai ɗaukar hoto M. David Mullen ya kwaikwayi haske da launukan finafinan shekarun 1960. Biller da kanta ta tsara sutura da adon ɗakuna da kiɗa. Saboda haka wasu ke cewa ado ne kurum, ba labari.

Ban yarda da wannan hukunci ba. Gashin kanti da shuɗin kwalliyar idon Elaine su ne surar da ta ƙera wa kanta domin ta zama macen da take zaton maza na so. Ke nan adon shi ne jigon. Dubi fitowar da Trish ta sa gashin Elaine da kayanta tana kallon madubi: babu dogon jawabi, amma mai kallo ya gane cewa wannan kyau riga ce da kowace mace za ta iya ara. Haka kuma wayar hannu da motocin zamani da ke ɓullowa suna nuna cewa matsalar ta yau ce, ba ta jiya ba.

Duk da haka masu suka suna da ƙafar tsayawa. Fim ɗin ya kai awa biyu, kuma abin da ya sami Wayne shi ya sami Richard, ba tare da Elaine ta canza ba. A fitowar auren wasa da aka ɗaura mata da Griff a wajen wani biki na kayan zamanin da, labarin ya tsaya cik, sutura da waƙa suka ci gaba. Da ni ne mai tacewa, da na rage rabinta.