Kerala ta ba da labarin sojojinta a fim, mu a Zariya me muke jira?

Jama'a, mu nan Sabon Gari da Samaru duk fim ɗin da ya fito daga Indiya suna ɗaya muke ba shi: Indiya. Alhali masana'antu ne daban-daban. Akwai ta jihar Kerala a kudancin ƙasar, masu yaren Malayalam, mutanen da ba su kai miliyan 40 ba. Wato masu jin Hausa sun fi su yawa. Amma ku ji abin da suka yi da labarin sojojinsu.

Akwai wani tsohon hafsan soja da ake kira Major Ravi. Da ya ajiye kaki sai ya ɗauki kyamara. A 2006 ya fitar da Keerthi Chakra, Mohanlal ya fito a Manjo Mahadevan mai yaƙi da 'yan bindiga a Kashmir. A 2008 ya yi Kurukshetra a kan yaƙin Kargil na 1999. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Picket 43 na 2015. Soja ɗaya ne, Prithviraj, aka tura wani wurin gadi a bakin iyaka, cikin ƙanƙara, daga shi sai karensa. A tsallaken waya kuma sojan Pakistan ne. A hankali kaɗaici ya haɗa su abota. Akwai harbi, amma abin da za ka tashi da shi shi ne mutumin da ke cikin kakin: kewar gida, tsoro, jiran hutun da bai zo ba.

To mu fa? Depot na Zariya tun 1924 yake horar da kuratan soja. Makarantar soja ta yara, NMS, tun 1954 take nan. Ga barikin Basawa a bayanmu. Wa ke cikinmu bai taɓa ganin kuratan nan da ƙwal-kwabo a kasuwar Sabon Gari ba, ko iyayen da suka cika gari ranar yaye su? Daga nan ake kwasar su zuwa Borno, Zamfara, Birnin Gwari. Wasu su dawo, wasu sai dai saƙo. Fim nawa na Kannywood za ka iya lissafawa da ya bi ɗayansu daga ƙofar Depot har bakin daga?

Labari kuwa ba mu rasa ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, aka kashe shi a Malam Fatori a Nuwamba 2016. Yaron da ke kallon fassarar Algaita a waya ya haddace sunan jaruman Indiya, amma tambaye shi Abu Ali ka ji.

Sai dai fa a yi hattara. Ba fim ɗin kirari nake nema ba. Su kansu finafinan Major Ravi wasunsu sun cika tuta da take, abokin gaba kullum mugu ne. Idan irin wannan za a yi mana, gara a bari. Mutumin Zariya bai manta Disamba 2015 ba. Mutumin Kaduna bai manta Tudun Biri ba, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi a Disamba 2023, rundunar da kanta ta amsa kuskure ne. Fim ɗin da ya ɓoye wannan ɓangaren, ba wanda zai yarda da sauran abin da ya faɗa. A nuna sojan da ya ba da ransa, a nuna ƙauyen da aka yi wa ɓarna, a nuna matar da ke yawon neman haƙƙin mijinta.

Za a ce kuɗi, za a ce soja ba za su ba da haɗin kai ba. Ai an yi '76 na Izu Ojukwu a 2016, a cikin barikin soja a Ibadan aka ɗauke shi. Kuma Picket 43 galibinsa mutum biyu ne da kare.

Tsofaffin sojoji na nan zaune a unguwanninmu da labari cike da ciki. Sashen wasan kwaikwayo na ABU na nan Samaru. Abin da ya rage wani ya ɗauki biro ya je ya zauna da su tun suna raye.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, soja da farar hula, ya ba mu zaman lafiya. Wanda ke da ɗan'uwa a bakin daga, me za ka so a nuna?