Hassane da Hassana a Idon Na'ura

A duk inda ake ajiye sunayen jama'a, daga ofishin magajin gari zuwa sashen rajistar ɗalibai, matsalar guda ce: mutum ɗaya yakan bayyana sau biyu ko uku a rumbun bayanai, kowane layi da irin rubutunsa. Maganin da ake yayi yanzu shi ne a koya wa na'ura ta gano irin waɗannan layuka ta haɗe su. Ban ƙi ba. Abin da nake ja a kai shi ne barin aikin ga masana kwamfuta kaɗai, alhali rabinsa ilimin harshe ne.

Mu ɗauki ma'aunin da Vladimir Levenshtein ya gabatar a 1965, wanda ake yawan dogara da shi. Yana ƙirga haruffan da za a ƙara, a cire ko a musanya kafin kalma ta koma wata. A wannan ma'auni, harafi biyu ne tsakanin Ousmane da Usman, suna ɗaya da rubutun Faransanci da na Hausa suka raba. Tsakanin Hassane da Hassana kuwa harafi ɗaya ne tak. To, in tagwaye ne fa? Ubansu ɗaya, garinsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya. Na'ura za ta ga kuskuren bugu, ta shafe layi guda, sakamakon jarrabawar yarinya ya bi ruwa. Mamane da Mahamadou, waɗanda kowane Bahaushe ya san tushensu ɗaya, su ne za ta nesanta.

Haka dabarar yin watsi da jerin sunaye. A Turai tana da amfani, tunda sunan dangi kan zo gaba ko baya. A nan suna na biyu na uba ne, don haka Abdou Moussa da Moussa Abdou na iya zama ɗa da mahaifinsa. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama: waɗanda takardunsu suka nuna shekara kawai, sau da yawa 1 ga Janairu ake liƙa musu.

Za a ce hanyoyin zamani sun wuce nan, domin na'ura na koyo daga misalai. Gaskiya ne, amma daga misalan wa? Sai mutum ya zauna ya yi wa dubban sunaye alama bibbiyu, wannan ɗaya ne, wancan daban, kafin ta koyi kome. Wanda bai san cewa "tch" na Tchima shi ne "c" na Cima ba, kuskurensa zai koyar.

Shawarata ga sashenmu ita ce mu tattara ƙamus na sunaye da sigoginsu, na Damagaram da na Adar, na boko da na Faransanci, tare da jinsin kowane suna. Aiki ne da ya isa kundin digiri na biyu, kuma ƴan shekarar farko ma za su iya sa hannu a tattarawar.