A Biya Haƙƙi Kafin A Yi Sadaka

'Yan uwana mata, yau a kan sadaka zan yi magana, kuma na san wasu za su ji haushina. To sai dai a yi haƙuri, ita gaskiya ɗaci gare ta.

Duk wadda 'yarta ko ƙanwarta ta yi makarantar 'yan Katolika ta san abin da ake yi idan azuminsu na kwana 40 ya kama, wanda yake farawa daga Larabar Toka ya kai su bikin Ista. Akan sa yara su rage kuɗin tara su zuba a asusu, iyaye su aiko da shinkafa da sabulu da tufafi, a kwasa a kai gidan marayu ko asibiti ko gidan yari. Tarbiyya ce mai kyau, ban raina ta ba. Su kansu makarantun ba baƙi ba ne a wurinmu, don tun 1948 sistocin Sent Luwis suka sauka a Kano daga ƙasar Ailan suka kama koyarwa, Kirista da Musulmi kowa ya sha daga wannan rijiya. Abin da ya dame ni mu ne iyaye, da yadda muka mai da abin ya zama ado.

Ki duba ranar kai kaya. Uwargida ta fito daga mota tana ƙamshi, 'yarta ta sha guga tana gaba, to wa ya ɗauko buhun a ka? 'Yar aiki! Yarinya sa'ar 'yarta, wadda ta tashi tun asuba ta yi shara, ta dafa ruwan wanka, ta goge takalmin 'yar gida, ita kuwa ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, kuɗin aikinta ma wata uku ke nan ana ce mata sai maigida ya samu. Haba jama'a! An tsallake mabuƙaciyar da ke kwana a ƙofar kicin an tafi neman lada a wata unguwa. Wannan ai tufka da warwara ne.

Haka in an zo taron iyaye da malamai. Za ki ji ana ta ɗaga murya a kan ƙarin kuɗin makaranta da kalar hula da motar ɗaukar yara, amma wace ce ta taɓa miƙewa ta tambayi nawa ake biyan mai shara, da kuku, da maigadin da ke tsaron 'ya'yanmu cikin sanyin hunturu? Tun 2024 doka ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. In makarantarku tana biyan haka, madalla, a faɗa mu yaba. In ba ta biya, to shinkafar da muka tara a bakin ƙofarta ya kamata a fara sauke ta.

Kada wata ta ce ni na ƙirƙiro wannan magana, koyarwar cocin ce da kanta. A 1891 Fafaroma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan ma'aikata, inda ya nuna cewa albashin da ba zai riƙe ma'aikaci ba zalunci ne, ko da shi ma'aikacin ya amince saboda ba shi da mafita. Kafin nan, a 1833, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a birnin Faris mai suna Firedarik Ozanam ya kafa ƙungiyar Sent Binsan shi da abokansa, kuma ba aike suke yi ba, da ƙafarsu suke shiga ɗakunan talakawa da itace da burodi, su zauna su ji damuwarsu. Mu fa? Direba muke ba saƙo, ko sunan wanda ya ci ba mu sani ba.

Na san amsar da ake bayarwa, wai ai taimakonta na yi, da tana ƙauye da yunwa ta gama da ita. To 'yar uwa, wanda ya taimake ka ba ya cin guminka. Tun 2004 doka ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba a ce ban da 'yar aiki ba. Kuma ki tuna 'yarki tana kallo. Sista ta koya mata da safe cewa duk ɗan Adam darajarsa ɗaya, ta dawo gida ta tarar da wata tana cin ƙanzo a tsugune. Wanne kike zaton za ta ɗauka? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ban ce a daina sadaka ba, a ƙara ma. Amma ko Kirista ce ke ko Musulma, kafin buhu ya bar gidanki ki biya yarinyar nan kuɗinta cif, ki sa ta a makaranta ko da ta unguwa ce. Ranar taro kuma ki daure ki miƙe ki yi tambaya a kan albashin ƙananan ma'aikata, ki nemi a ware gurbi ga 'ya'yansu a cikin ajin da iyayensu ke sharewa.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, amin.