Zane Mai Motsi da Horar da Ma'aikata Kan Kiyaye Lafiya

A shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke rasa rayukansu kowace shekara sanadiyyar aikin da suke yi. Daga cikinsu, kimanin miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su, ciki har da wadda ke shiga jiki sannu a hankali ta hanyar ƙura ko hayaƙi ko guba. Wannan ya nuna cewa babban maƙiyin ma'aikaci shi ne wanda ido ba ya gani. To, ta yaya za a gargaɗi mutum game da abin da bai taɓa gani ba? A ra'ayina, zane mai motsi, wato abin da yara ke kira katun, yana cikin hanyoyin da suka fi dacewa, muddin an shirya shi da harshen ma'aikacin.

Hanyar da aka saba bi a masana'antunmu ita ce manna takardar gargaɗi a bango, galibi da Ingilishi. Amma idan mai karatu ya dubi leburorin gini da masu walda da makanikai da masu jima, zai ga cewa da yawansu a wurin maigida suka koyi sana'a, ta hanyar kallo da kwaikwayo. Wanda ya koyi aiki da ido, da ido ya kamata a koya masa kare kansa. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji.

Zane yana da fifiko a kan hoton bidiyo na zahiri ta fuskoki uku. Na farko, yana iya nuna abin da kyamara ba ta kaiwa gare shi, kamar yadda ƙura ke bi ta hanci ta sauka a huhu, ko yadda wutar lantarki ke ratsa jikin wanda ya taka jiƙaƙƙen daɓe. Na biyu, ana iya nuna haɗari tun daga musabbabinsa har zuwa ƙarshensa ba tare da an jefa ɗan wasa cikin hatsari ba. Na uku, sauya murya abu ne mai sauƙi: zane guda zai yi magana da Hausa yau, gobe da Fulatanci ko Barbarci.

Akwai waɗanda suka riga mu gwada wannan hanya. Hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata na wasu ƙasashen Turai sun haɗa kai sun ƙirƙiro wani ɗan zane mai suna Napo, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a 1998 a kan alamomin gargaɗi. Napo ba ya furta kalma ko ɗaya, domin a fahimce shi a kowace ƙasa. Haka kuma, shirin SAWBO da aka soma a Jami'ar Illinois ta Amurka a 2011 ya samar da gajerun zane-zane na koyar da manoma, an kuma sa wa wasunsu muryar Hausa, ana tura su daga waya zuwa waya.

Sai dai ina ganin fim marar magana ba zai wadatar da mu ba. Mu ɗauki abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinariya ne ke kawo duwatsu cikin gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, yara na shaƙar ƙurar suna kuma kai ta baki. Zane zai iya nuna tafiyar wannan ƙura daga turmi zuwa jinin yaro. Amma bayanin dalilin jiƙa dutse kafin niƙa, da sauya tufafi da yin wanka kafin shiga gida, da amsa wa mai cewa iyayensa ma haka suka yi, duk sai da harshe. Bugu da ƙari, dole mai kallo ya ga turmi da zaure da irin suturarsa a cikin zanen, in ba haka ba zai ɗauka gargaɗin na wasu ne.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da rawar takawa. Mai zane ya san layi da launi, injiniya ya san na'ura, amma wa zai zaɓi kalmar da ma'aikaci zai gane nan take? Wa zai tantance ko karin Sakkwato ko na Kano ya fi dacewa da masu sauraro? Fassarar da ta kauce a littafin labari dariya kawai za ta jawo. A umarnin kashe inji kuwa tana iya cin hannun mutum.

Wajibi ne kuma a yi hattara da masu son fakewa da fim. Wasu masu masana'antu za su so su nuna bidiyon minti biyar, su sa ma'aikata su sa hannu a takarda, su ce sun sauke nauyi. Zane ba ya saya wa lebura hular kwano ko safar hannu ko takunkumin hanci, ba ya kuma gyara tsohon inji. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora alhakin tsaron wurin aiki a wuyan mai masana'anta, kuma Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni. Kallon fim bai shafe ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayan kallo, sai an tattauna, an gwada a aikace, an kuma samar da kayan da aka nuna.

Saboda haka, ina kira ga kwalejojin ilimi da su haɗa sassan Hausa da na zane-zane da na koyar da sana'o'i su riƙa shirya irin waɗannan gajerun finafinai, su gwada su a gaban masu sana'ar kafin a yaɗa. Rigakafi ya fi magani, amma sai wanda ake yi wa ya fahimci abin da ake faɗa masa.