Ra'ayinmu: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka, Ko a Kotu

'Yan'uwa, sau da yawa mota ɗaya takan yi hatsari da mutanenmu goma ko ashirin a hanyar biki ko taro. Bayan jinya, kowane gida ya nemi lauyansa, ya yi ta biya shi kaɗai, har ya gaji ya bari. Alhali doka ta ba da hanya. Idan ƙararraki sun taso daga abu ɗaya, ana iya roƙon kotu ta haɗa su. Alƙali ɗaya zai saurara, shaidu su zo sau ɗaya, ɗawainiya ta ragu, ba kuwa za a sami hukunci biyu masu karo da juna ba.

Mu tuna da abin da ya faru a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi, ba maganin ba. A 2001 iyalai suka haɗa kai suka kai ƙara Amurka, waɗansu suka bi baya a 2002. Aka kori duka biyun, amma kotun ɗaukaka ƙara ta haɗa su, a 2009 ta soke korar. Wane talaka ne zai kai nan shi kaɗai?

Duk da haka, sai a 2011 aka fara biyan diyya, shekara 15 bayan abin, kuma sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta don a tantance iyalan.

Darasin ke nan: haɗa ƙara ba ya haɗa rauni. Wanda ya karye a hannu da gidan da ya rasa mai ciyarwa, diyyarsu ba ɗaya ba ce. Kowa sai ya kawo tasa shaidar.

Saboda haka muna roƙon dattawa, ran da irin wannan ya auku, ku rubuta sunan kowa. Ku adana katin asibiti, rasit da rahoton 'yan sanda. Ku ga lauya da wuri, gama shigar da ƙara yana da wa'adi. Kada wani ya sasanta a ɓoye da sunan jama'a, kada kuma gwauruwa ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.